Doka ta hana wariya, amma manhajar banki ba ta san makaho ba

Duk ƙarshen wata da la'asar, rumfunan masu POS na Panshekara kan cika da ma'aikatan da suka taso daga kamfanonin Challawa. Kowa da waya a hannu, wani yana jiran alat, wani yana ƙorafin netwok.

A cikin wannan cincirindo na saba ganin wani magidanci, maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana aiki a wani kamfanin jimar fata kafin hawan jinin ido ya cinye masa gani.

Idan layi ya zo kansa, sai ya miƙa wa yaron rumfar wayarsa, ya sunkuya ya raɗa masa lambar sirrinsa a kunne. Yaron ne zai buɗe asusun, ya ga abin da ke ciki, ya tura kuɗin, sannan ya faɗa masa abin da ya rage.

Ba rashin iya waya ne ya jawo masa haka ba. Ya iya amfani da TalkBack, manhajar da ke cikin wayoyin Android wadda ke karanta wa mutum abin da ke kan fuskar waya da murya. Da ita yake kira, yake sauraron saƙo, yake shiga WhatsApp ba tare da taimakon kowa ba.

Manhajar bankinsa ce ta gagare shi. Ya nuna min da kansa: idan ya ɗora yatsa a kan wurin tura kuɗi, muryar ba ta faɗin sunan wurin, sai dai ta ce masa maɓalli ne kawai. Wurin duba ragowar kuɗi ma haka. Idan aka zo sa lambar sirri kuwa, sai muryar ta yi shiru.

Ya shaida min cewa akwai ranar da lissafinsa bai yi daidai da abin da aka faɗa masa ba. Bai zargi kowa ba, domin ba shi da hanyar tabbatarwa, kuma gobe ma wajen mutane zai koma.

Ƙofar ofis ta koma cikin waya

Shekaru goma da suka wuce, mai buƙata ta musamman da ke son cire kuɗi ko neman aiki zai je ofis ne ya yi magana da mutum. Wahalarsa ita ce matakala da cunkoso. Yau yawancin waɗannan harkoki sun koma cikin waya.

Tun daga Disamban 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. A farkon 2023, sauya fasalin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, har mai shayi da mai kayan miya suka koma karɓar tiransifa. A watan Mayun 2024 aka buɗe shafin neman bashin karatu na NELFUND. Neman aikin ɗan sanda ko kwastam ko soja duk ta shafin intanet ake cike fom.

A yankunan masana'antu na Sharada da Challawa da Bompai ma, albashi ta asusu yake shiga, sanarwar ɗaukar ma'aikata kuma sau da yawa hoto ne da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp. Manhajar karatu ba ta iya karanta rubutun da ke cikin hoto yadda ya kamata, don haka makaho sai ya jira wani ya karanta masa, idan an tuna da shi.

Kurma yana da irin tasa matsalar. Bidiyon wayar da kai da ba shi da rubutu a ƙasa, ko sanarwar da aka turo a saƙon murya, duk ba su isa gare shi. Idan kuɗinsa ya maƙale, aka ce sai ya kira lambar kula da abokan hulɗa, nan ma sai ya nemi wanda zai yi magana a madadinsa.

Wanda cutar kuturta ta cinye wa yatsu, ko wanda inji ya datse wa hannu, yana fama da na'urar ɗaukar zanen yatsa. Zabiya da tsofaffi masu raunin gani suna fama da ƙananan haruffa masu launin toka a kan farin shafi.

Mutum nawa abin ya shafa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, na rayuwa da wata babbar nakasa. A Najeriya, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ƙiyasta a 2018 cewa adadin ya kai kusan miliyan 19.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kimanin mutum miliyan 1.13 masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi kowane yanki yawansu.

A gari irin Panshekara, wanda yawancin mazansa ke cin abinci daga kamfanoni, wannan lissafi ba na nesa ba ne. Masana lafiyar ma'aikata sun daɗe da tabbatar da cewa zama kullum cikin ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 na tsawon awa takwas yana lalata ji a hankali. Sinadarin jima na iya fantsama a ido. Injin roba ko na saƙa na iya kama hannu.

Shi ya sa Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu kamfanoni biyan kashi ɗaya cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF, domin biyan wanda ya ji rauni ko ya rasa ji a bakin aiki. Mai lafiyar da ke tsaye a gaban inji yau, yana iya zama wanda gobe zai buƙaci a karanta masa saƙon banki.

Me dokar Najeriya ta tanada?

A ranar 23 ga Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Buƙata ta Musamman ta 2018, bayan shekaru da dama ana kai ruwa rana a majalisa.

Dokar ta haramta wa kowane mutum ko hukuma nuna wa wani wariya saboda nakasarsa. Kamfanin da aka samu da laifi zai biya tarar naira miliyan ɗaya. Mutum ɗaya kuma tarar N100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Ta kuma ba wanda aka zalunta damar shigar da ƙarar neman diyya da kansa.

Ta yi bayani dalla-dalla a kan gine-ginen jama'a, motocin haya, tashoshin jirage, makarantu da asibitoci. Ta ce a ba masu buƙata ta musamman fifiko a layi, a kuma ware musu aƙalla kashi biyar cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ita ce kuma ta kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020.

Jihar Kano ma tana da tata dokar, wadda Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa wa hannu a ƙarshen 2018.

Sai dai dokar tarayyar ba ta ware wani sashe da ya fayyace ma'aunin da shafin intanet ko manhajar waya za su cika ba. Injiniyan da zai gina banki ya san doka ta ce ya yi hanyar keken guragu. Wanda zai gina manhajar wannan bankin kuwa babu wani sashe na dokar da ya lissafa masa abin da zai yi, ko ya sa masa wa'adi.

Wannan ba ya nufin makaho ba shi da hujja. Haramcin wariya na dokar a faɗaɗe yake, kuma lauya na iya tsayawa a kansa ya ce hidimar da aka tsara ta yadda makaho ba zai iya amfani da ita ba wariya ce. Amma hujjar da sai an je kotu an yi jayayya a kanta ta sha bamban da umarnin da aka rubuta ƙarara.

Akwai kuma alƙawarin da ƙasar ta ɗauka a waje. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Buƙata ta Musamman a Satumban 2010. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci fasahar sadarwa da intanet da suna, sashe na 21 kuma ya nemi gwamnatoci su samar da bayanai ta hanyar da kowa zai iya samu, su kuma ja hankalin kamfanoni da kafafen labarai su yi haka. Matsalar ita ce sashe na 12 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka.

Inda aka rubuta, an ga canji

Wasu dokoki sun taɓo batun ta gefe, kuma sun nuna cewa idan aka rubuta abu a fili, hukumomi na motsawa.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta nemi INEC ta samar da kayan taimako a rumfunan zaɓe, irin su rubutun makafi na Braille da manyan haruffa da masu fassara da hannu. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta halatta a mayar da littafi zuwa sigar da makaho zai iya karantawa ko saurare ba tare da neman izinin marubuci ba. Wannan ya biyo bayan Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017.

Hukumar JAMB kuma tun 2017 take da kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na daban, Kano na cikinsu.

Hukumar NITDA tana da ƙa'idojin gina shafukan intanet na gwamnati, waɗanda suka taɓo buƙatar masu nakasa. Amma na hukumomin gwamnati ne. Ba su hau kan manhajar banki ko ta kamfanin saye da sayarwa ba, kuma nan ne talaka ya fi shiga kullum.

Yadda wasu ƙasashe suka ɓullo wa lamarin

Amurka ta taɓa samun kanta a irin wannan hali. Dokarta ta masu nakasa ta fito ne a 1990, kafin intanet ya shiga gidaje, don haka kotuna ne suka riƙa faɗaɗa ta.

A 2006 ƙungiyar makafi ta ƙasar ta kai kantin Target ƙara saboda shafinsa ba ya karantuwa, aka sasanta a 2008 a kan dala miliyan shida. Wani makaho mai suna Guillermo Robles ya kai kamfanin abinci na Domino's ƙara saboda ya kasa yin oda ta manhajarsu. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar ta hau kan manhajar, kuma a Oktoban 2019 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙorafin kamfanin. A Afrilun 2024 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi bin takamaiman ma'auni.

Tun kafin nan, a shekarar 2000, wani makaho a Ostireliya, Bruce Maguire, ya yi nasara a kan masu shirya gasar Olamfik ta Sidni saboda shafinsu, aka ba shi diyyar dalar ƙasar 20,000.

Tarayyar Turai ta bi ta hanyar rubuta doka. A 2016 ta wajabta wa hukumomin gwamnati gyara shafukansu da manhajojinsu. A 2019 ta yi wata dokar da ta haɗa da bankuna, na'urorin ATM, kasuwancin intanet da littattafan lantarki, wadda ta fara aiki a ranar 28 ga Yunin 2025. A nan Afirka, Kenya ta fitar da ma'auninta na ƙasa kan kayan fasahar sadarwa a 2022.

Duk waɗannan ƙasashe kusan ma'auni ɗaya suke komawa gare shi, wato WCAG, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fara fitarwa a 1999, ta sabunta a 2008 da 2018 da 2023. Kyauta yake, kowa na iya ɗauka. Najeriya ba ta buƙatar ƙirƙiro nata daga tushe.

Me ake nema a gyara?

Idan aka cire Turancin fasaha, abubuwan da ma'aunin ke nema ba su da wuyar fahimta.

Kowane maɓalli ya kasance yana da suna a ɓoye, wanda muryar waya za ta faɗa. Kowane hoto mai ɗauke da bayani a rubuta abin da ke cikinsa. Kowane bidiyo a sa masa rubutu a ƙasa. Launin rubutu ya bambanta sosai da na bango, kuma mutum ya iya ƙara girman haruffa ba tare da shafin ya hargitse ba.

Fom ya faɗa wa mutum da kalmomi inda ya yi kuskure, kada ya tsaya ga jan launi kawai. Idan akwai ƙayyadadden lokaci, a ba da damar tsawaita shi, domin mai sauraron murya ya fi mai kallo jinkiri. Duk wanda ya taɓa ganin USSD ya katse kafin ya gama danna lamba zai gane abin da ake nufi. Gwajin nan na tantance mutum da ke cewa a zaɓi hotunan mota ko fitilar titi, dole a samar da wata hanya a madadinsa.

Sa wa maɓalli suna layin rubutu ɗaya ne a wurin mai gina manhaja. Yin haka tun farko ba ya cin wani kuɗi na a zo a gani, gyara bayan an gama ne ke da tsada. Abin da ya fi jawo matsalar shi ne ba a gwada manhajar a hannun makaho kafin a sake ta, kuma babu wanda zai tambayi kamfanin ko ya yi.

Sauran matsala: harshe

Ko an gyara duk wannan, Bahaushe yana da ƙarin shinge. Muryar da ke zuwa da yawancin wayoyi ta Turanci ce. Idan ta ci karo da rubutun Hausa sai ta karanta shi da lafazin Ingilishi, haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ kuma sukan rikita ta. Maƙwabcin nan nawa ya saba da wannan gurɓataccen karatu har yana ganewa, amma ya ce sai da ya yi watanni kafin kunnensa ya saba.

Kurame ma ba harshe ɗaya suke yi ba. A Kano akwai maganar hannu ta Hausa, wadda masaniyar harshe 'yar Jamus Constanze Schmaling ta yi bincike a kanta ta wallafa littafi a 2000. A makarantu irin ta Tudun Maliki kuwa, ana koyar da wadda ta samo asali daga ta Amurka. Mai fassarar da ake gani a kusurwar talabijin yawanci ta makaranta yake yi, don haka kurman da bai yi boko ba yana iya kallo bai fahimta ba. Wanda bai iya karatu ba kuma, rubutun ƙasan bidiyo ba zai amfane shi ba.

Duk dokar da za a yi, idan ba ta yi la'akari da harsunan gida ba, za ta fi amfanar 'yan boko na manyan birane.

Mu 'yan jarida ma da namu laifin

Kafafen labaran Hausa na cikin masu wannan sakaci. Muna wallafa sanarwar gwamnati a matsayin hoto ba tare da mun kwafe rubutun ba. Muna sakin bidiyo babu rubutu. Muna cika shafi da tallan da ke faɗowa ya rufe labari, wanda mai amfani da murya ba ya samun inda zai rufe shi.

Facebook da X da Instagram duk suna da wurin rubuta bayanin hoto kafin a wallafa, kuma bai fi aikin minti ɗaya ba. Jami'in ma'aikata a kamfanin Sharada ko Bompai da zai tura sanarwar aiki, zai iya liƙa rubutun a ƙarƙashin hoton. Mai unguwa ko limamin da ke tura sanarwa a saƙon murya, zai iya sa wani ya rubuta ta a taƙaice saboda kurame.

Ƙungiyoyi irin su JONAPWD, wadda ta haɗa ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman na ƙasa, da Ƙungiyar Makafi ta Najeriya, da cibiyar CITAD da ke Kano, sun daɗe suna kira a kan shigar da masu nakasa harkar fasahar zamani. Abin da ya rage yana hannun masu iko: Majalisar Tarayya ta yi wa dokar 2018 gyara ta ambaci shafuka da manhajoji, Babban Bankin Najeriya ya sa sharaɗin cikin ƙa'idojin da yake gindaya wa bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya, gwamnatin Kano kuma ta sa shi cikin duk kwangilar gina shafi da za ta bayar.

Kafin nan, wanda manhaja ta hana shi hidima yana da inda zai kai kuka. Zai iya rubuta wa bankin ƙorafi ya ajiye kwafi, idan ba a warware ba ya kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Zai iya kai ƙorafi Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, wadda ke da ofis a Kano. Ƙorafin da aka rubuta shi ne ke zama hujja ranar da za a je gaban majalisa ko kotu.

A saƙon da bankin maƙwabcina ke turo masa lokaci-lokaci, akwai gargaɗin kada ya kuskura ya ba kowa lambar sirrinsa, kuma duk asarar da ta biyo bayan haka shi ta shafa. TalkBack na karanta masa wannan saƙon tsaf, domin rubutu ne zalla. Ƙarshen watan nan ma zai saurare shi, sannan ya ɗauki sandarsa ya nufi rumfar POS.